Babi na Shida: Zobo, Daga Gefen Gona Zuwa Kwantena

Idan kaka ta yi nisa a ƙasar Jibiya, an ɗaure dammunan gero, an tuge gyaɗa, wake ya shiga buhu, abin da ke saura a tsaye a gonakin Riko da Bugaje da Daddara shi ne yakuwa. Jajayen rassanta ne ke nuna inda gonar wani ta ƙare ta wani ta fara. Da can aikinta ke nan. Ba a ware mata gona, ba a ba ta taki, ba a lissafa ta cikin amfanin gandu. Ana yafa irinta a kan iyaka ko a tsakanin kunyoyi, sau da yawa kuma a gayaunar matar gida, wadda ita ce ta san amfaninta tun daga ganye har zuwa kara. Ganyen ya shiga miya da fate da kwaɗo. Gurguzun a dafa shi, a rufe shi ya ruɓa, ya zama daddawar batso, wadda har gobe ake cinikinta a kasuwannin Maraɗi da na arewacin Katsina. Ɓawon karan a tufka igiya. Jan kofin nan da ke rungume da ƙwayar, wanda yau ake loda wa tirela, shi ne ma aka fi rainawa: a shanya shi a kan zana, a jiƙa a sha idan zafi ya tsananta.

Kusan kowane yanki na duniya yana da abin shan da aka san shi da shi. A Faransa akwai garuruwan da ba a ambatar sunansu sai a tuna da giyar inabi, irin su Bordo da yankin Shamfen, kuma arzikin dubban gidaje a can ya rataya ne a kan itacen inabi. Ƙasar Hausa ba ta bi wannan hanya ba, dalilin kuma a bayyane yake. Musulunci ya haramta abin maye, jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ya fara a 1804 ya ƙara tsananta hanin, burkutun Maguzawa kuwa ya tsaya a tukunyar gida da taron biki, bai taɓa zama hajar fatauci mai nisa ba. Turawan mulkin mallaka ma, bisa yarjejeniyar Burasel ta 1890, sun sa Arewacin Nijeriya cikin yankin da ba a yarda a sayar wa 'yan ƙasa barasar ketare ba. Da Jihar Katsina ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, hanin ya sake samun ƙarfin doka. Don haka basirar mutanenmu a harkar abin sha ta tafi ne wajen fura da nono, kunun zaƙi, kunun aya, koko, jiƙon tsamiya da zobo. A cikinsu duka zobo ne ya fi ƙetare teku, saboda ana iya busar da shi a ajiye wata da watanni launinsa da tsaminsa ba su tafi ba.

Ba yau ya fara tafiya ba. Tsiron ɗan Afirka ne, kuma a zamanin cinikin bayi ya bi jiragen ruwa zuwa Birazil da tsibiran Karebiyan. Tun farkon ƙarni na 18 ana nomansa a Jamaika, inda har yanzu shi ne abin shan lokacin Kirsimeti. A Mekziko ya samu gida na biyu. Duk mai sayar da abinci a bakin titi a can yana da babbar kwalbar gilas cike da jan ruwan nan, kusa da na tsamiya da na shinkafa, kuma talaka da mai hali duk suna sha da abincin rana. Suna noma nasu, musamman a jihar Gerero da ke kudu maso yammacin ƙasar, amma abin da suke nomawa ba ya isarsu. Wannan giɓin ne manomin Riko yake cikewa, ko da bai taɓa jin sunan Gerero ba. Jamus ma babbar mai saye ce, domin yawancin shayin 'ya'yan itace da ake sayarwa a Turai zobo ne ke ba shi launi da ɗan tsami. Sudan ta riga mu shiga wannan kasuwa, kuma zobon Kurdufan, wanda ake tarawa a Al'ubayyid, ya daɗe yana da suna wajen masu saye.

Yadda yakuwa ta tashi daga gefen gona ta koma tsakiyarta labari ne da ya haɗu da faɗuwar gyaɗa. Dattawan da suka yi wayo kafin 1970 sun san lokacin da kuɗin haraji da na aure da na sutura duk daga gyaɗa da auduga suke fitowa. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ya raunana ƙasa, sai cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 ta gama da abin da ya rage. Dalar gyaɗa ta Kano ta ɓace, hankalin gwamnati kuma ya koma kan man fetur. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, darajar naira ta fara zubewa, kuma duk ɗan kasuwar da ya samu abin da zai sayar a waje ya karɓi dala ya ga riba. A daidai wannan lokaci kasuwar Dawanau, wadda aka kafa a 1985 a bakin Kano ta hanyar Katsina, take girma tana zama matattarar hatsin Afirka ta Yamma. Riɗi da citta daga kudancin Kaduna da ƙaro da zobo suka ja hankali.

Shukar ta dace da wannan ƙasa ta jigawa kamar don ita aka yi ta. Ba ta son ruwa ya kwanta mata, tana jure ƙarancin taki, saiwarta kuma tana nitsawa ta nemo laima idan ruwa ya ɗauke da wuri. Ana shuka ta da faɗuwar damina, a Yuni ko Yuli, amma ba ta fure sai yini ya fara gajarta, wajen Satumba zuwa Oktoba. Shi ya sa girbinta ke faɗowa a Nuwamba da Disamba, lokacin da sauran aikin gona ya lafa, iskar hunturu kuma ta zo ta yi aikin busarwa kyauta. Ga manomin da ba shi da fadama, wannan kuɗi ne da ke shigowa bayan hatsi ya shiga rumbu, wanda ke hana shi taɓa abincin gida don biyan buƙatar yau da gobe. A ganina wannan shi ne babban alherin zobo, kuma ba ya fitowa a lissafin dalolin da ake yi a Abuja.

Wahalar tana wajen ɓara. Kowane kofi sai an raba shi da ƙwallon irin da ke cikinsa da hannu, ɗaya bayan ɗaya, ƙwallon kuma yana da ƙananan gashi masu ƙaiƙayi da ke shiga fata. Mata da yara ne ke wannan aiki, a tsakar gida ko a gindin bishiya, tun hantsi har la'asar, yatsu su yi ja su tsattsage da sanyin hunturu. Kimanin kilo 10 na ɗanye ne ke ba da kilo 1 na busasshe. Wanda ya ɗaga buhun zobo ya ji shi sakayau bai san yawan hannayen da suka gaji kafin ya cika ba. Kuma a nan ne ingancin kaya yake tabbata ko ya lalace. Idan an shanya a ƙasa, yashi da kashin awaki da gashin kaji su shiga. Idan an tattara bai gama bushewa ba, ya yi fumfuna a cikin buhu. Idan an daka shi da sanda don a huta da ɓarar hannu, ya farfashe ya zama gari, mai saye a ƙetare kuwa cikakken kofi yake biya da tsada.

Daga gida kaya na zuwa kasuwar ƙauye, daga nan zuwa kasuwar Jibiya da ke ci ranar Lahadi, ko a kai Katsina. Yaran dillalai na bin ƙauyuka da kuɗin manyan 'yan kasuwa, suna saye da tiya ko da buhu, su kuma su sayar da sikeli. Bambancin da ke tsakanin awon ido da awon kilo ba ƙarami ba ne, kuma kusan kullum ba manomi ne ke cin moriyarsa ba. A Dawanau da manyan sito-sito na Kano ake zazzage kayan, ɗaruruwan mata su zauna su tsince kara da tsakuwa, a tankaɗe, a ware baƙi-baƙin ja daga mai haske, a sake ɗurawa a sababbin buhuna. Kwantena mai ƙafa 40 kan ɗauki kimanin tan 12, domin kayan ba nauyi sai cika wuri. Daga nan sai doguwar hanyar Legas, sai jira a tashar Apapa, sai makonni a kan teku zuwa Berakurus ko Hambug.

Wani abu da 'yan kasuwa suka sani, takardun hukuma kuma ba su cika nunawa ba, shi ne cewa kaso mai yawa na abin da ake fitarwa da sunan Nijeriya a Nijar aka noma shi. Daga Riko zuwa Ɗan Isa da Madarunfa ƙasa ɗaya ce, ruwan sama ɗaya, iri ɗaya, dangi ɗaya. Maraɗi kanta Katsinawa ne suka kafa sarautarta bayan sun bar Birnin Katsina a zamanin jihadi. Layin iyakar da ya raba su Ingila da Faransa ne suka shata a kan takarda, suka yi ta gyara shi daga 1890 har zuwa 1906, sannan aka kafa turakunsa tsakanin 1906 da 1908. Manomin jihar Maraɗi ko ta Damagaram ba shi da tashar jirgin ruwa, babbar kasuwar da ta fi kusa da shi kuma ita ce Kano. Saboda haka zobonsa kan gangaro ta Magama da Jibiya, ko ta Kwangwalam, ko ta Maigatari, a mota ko a amalanke ko a bayan babur, farashi kuma ya dogara da yadda sefa da naira suka kwana a hannun 'yan canji.

Shi ya sa rufe iyaka ke taɓa wannan sana'a a jijiya. A watan Agusta na 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa don hana shigo da shinkafa. An buɗe Illela da Maigatari a Disamban 2020, amma Jibiya sai a Afrilun 2022. Ba a gama farfaɗowa ba sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a ranar 26 ga Yulin 2023, aka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, ƙofa ta sake rufuwa har zuwa Maris na 2024. Kaya bai daina wucewa ba, sai dai ya koma hanyoyin daji a hannun 'yan fito, kowane shinge da kuɗinsa, kuma duk abin da aka kashe a hanya daga farashin manomi ake cire shi. A kan wannan aka ƙara da bala'in 'yan bindiga. Shekaru da dama ƙauyukan Jibiya da ke kusa da daji ba su iya noma gonakinsu na nesa ba, wasu suka watse zuwa cikin gari, wasu suka tsallaka Maraɗi gudun hijira. Zobo kuwa shi ne amfanin da ya fi daɗewa a gona, yana buƙatar mata da yara su yi ta zirga-zirga har cikin Disamba. Inda babu tsaro, shi ake fara haƙura da shi.

Babbar girgizar da ta samu sana'ar daga ƙetare ta zo. Hukumar killace kayan gona ta Nijeriya ta bayyana cewa a watanni tara na 2017 an tura kwantena 1,983 zuwa Mekziko, kayan da kuɗinsu ya kai dala miliyan 35. Kafin a yi nisa cikin 2018 ƙofar ta rufe. Jami'an Mekziko sun ga ƙwaron da ake kira kafra a cikin wasu kwantenoni, ɗan ƙaramin ƙwaron sito mai cin hatsi, wanda tsutsarsa ke iya ɓuya a tsagar bango ko a ɗinkin buhu ta yi watanni ba ta ci komai ba. Ƙasar da ta dogara da masara ba ta wasa da irinsa. Ƙwaron ba daga gona yake zuwa ba. Yana shiga ne daga tsohon buhun da aka taɓa zuba hatsi, da siton da aka haɗa zobo da dawa da gyaɗa, da kwantenar da ba a share ba. Farashi ya faɗi warwas, waɗanda suka ci bashi suka tara kaya suka karye, manoma da yawa suka rage shuka a daminar da ta biyo. Sai bayan shekaru ana tattaunawa aka sake buɗe hanya, da sharaɗin a riƙa turara kayan da iskar kashe ƙwari a rufaffen ɗaki da hukuma ta amince da shi, a kuma ba da takardar shaida. Jihar Jigawa, wadda ta fi kowace jiha noman zobo, ta samu masana'antar gyara da turarawa a Maigatari. Kayan ƙasar Katsina kuwa yawanci har yanzu sai sun bi ta Kano.

A nan ne tarihin masu inabin Faransa yake da abin da zai gaya mana, ko da ba ma shan abin da suke yi. Daga shekarun 1860 wani ƙwaro da ya zo daga Amurka ya cinye saiwar inabinsu, gonaki suka mutu yanki bayan yanki. Sun ceto itacen ta hanyar yi masa aure da saiwar inabin Amurka mai jure ƙwaron. Amma ƙarancin kaya ya buɗe ƙofar algus: ana haɗa ruwa da sukari da launi a liƙa sunan gari mai daraja. Manoman kudancin ƙasar suka yi bore a 1907, na Shamfen suka yi nasu a 1911. Abin da ya fito daga wannan rikici shi ne dokar 1935, wadda ta ce ba wanda zai sa sunan yanki a kan kwalba sai kayan da aka noma a cikin iyakar yankin, da irin da aka amince, ta hanyar da aka rubuta, kuma manoman da kansu ne ke cikin masu sa ido. Sunan wuri ya zama dukiyar mutanen wurin, wadda ba a iya ɗauke ta a kai wani gari.

Wasu sun bi sawu da kayan da ba ruwansu da inabi. Shayin Dajilin na Indiya ya samu irin wannan kariya a 2004. Barkonon Penja na Kamaru ya samu a 2013. Jan shayin ruibos na Afirka ta Kudu, wanda shi ma ganyen daji ne da talakawa ke sha, Tarayyar Turai ta amince da sunansa a 2021. Maƙwabtanmu na Nijar sun yi wa kilishinsu da albasar Galmi rajista a ƙungiyar kare haƙƙin fasaha ta ƙasashen Afirka da ke Yawunde. A kasuwannin Mekziko kuwa, zobon Gerero ya fi wanda aka shigo da shi tsada nesa ba kusa ba, domin mai saye ya san daga inda ya fito, ya kuma yarda da shi. Namu yana isa can a matsayin mai arha, wanda ake saye don a cika tukunya. Ba don ƙasarmu ta gaza ba ne. Baƙin zobon da aka ɓare da hannu aka shanya a kan tabarma mai tsabta a iskar hunturu ba ya jin kunyar na kowa. Amma kafin ya isa Legas an gauraya shi da na wanda ya yayyafa wa nasa ruwa don ya ƙara nauyi, an ba su farashi ɗaya. Macen da ta yi aiki da kyau ba ta ga ladan kyautatawarta ba, baɗi kuma ba ta da dalilin sake wahala.

Akwai kuma kasuwar gida, wadda nake ganin an fi raina ta alhali ta fi kowace tabbas. Tun da lemon kwalba ya fi ƙarfin aljihun mutane da yawa, zobo ya zama abin shan biki da suna da buɗa-baki, daga Sakkwato har Fatakwal. Kowace mace da nata haɗin: citta da kanumfari, ɓawon abarba, na'a-na'a, wasu su ɗiga kanwa don ta kashe tsami. Dubban gidaje a Katsina da Maraɗi da kuɗin zobon leda da na gora ake sayen cefane da littafin makaranta. Likitoci ma sun duba shi. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Tufts ta Amurka aka buga a 2010 ya gwada mutum 65 masu ɗan hawan jini, ya samu cewa kofi uku a rana na tsawon mako shida ya sauke awon jininsu na sama da kusan maki 7. Wannan ba ya maye gurbin maganin asibiti, kuma yawan sukarin da muke zubawa na iya cinye amfanin.

Abin da ya hana wannan ciniki girma shi ne rashin jimawa. Zobon da aka dafa aka sa sukari, idan babu sanyi, kwana biyu zuwa uku ya fara tsami yana kumfa, gora ta kumbura. Ƙwayoyin da ke kawo wannan tsami, waɗanda masu inabi ke lallaɓawa su yi musu aiki, su ne mai zobo take yaƙi da su. Maganin ba asiri ba ne: ruwa mai tsabta, a ɗura da zafinsa a sabuwar kwalba a toshe, ko a mai da shi gari ko ɗan ƙunshin shayi, a samu lambar hukumar NAFDAC. Amma mai sana'ar da ke wanke tsofaffin gorunan da yara suka tsinto, tana sayen ƙanƙara saboda babu wuta, ba ta da jarin da za ta yi wannan ita kaɗai. Ƙungiyar mata hamsin za ta iya, idan ta samu wurin aiki da wutar sola da wanda zai tsaya mata wajen takardu.

A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Kaya mara nauyi mai cika wuri irin zobo shi ne ya fi cin moriyar jirgin ƙasa, domin kuɗin tirela da na shingayen hanya ne ke cinye ribarsa. Sai dai jirgi na iya kwashe kayan ɗanye ya kai Kano da sauri fiye da da, ƙasar Jibiya ta ci gaba da zama wurin wucewa kawai. Idan ana son aikin tsinta da turarawa da ɗuri ya zauna a nan, inda matan Riko da na Ɗan Isa za su same shi, to sai an tanadi dandamalin shanya na siminti a ƙauyuka, sikelin da kowa ya yarda da shi a kasuwar Lahadi, da sito na zobo zalla kusa da tashar, wanda hukumar killace kayan gona ta duba ta sa wa hannu. Ƙaramar hukuma da gwamnatin jiha da ƙungiyoyin manoma na ɓangarorin iyaka biyu suna da ikon fara waɗannan tun kafin a gama shimfiɗa ƙarfen.